Fagen da Habibu Ya Zana a Kan Yashi

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Habibu, makanikin injin jirgi a bakin ruwan Yelwa, abokina tun muna yawo ba wando. Jama'a da aikin hannunsa suke tuna shi, don injin da ya gagari kowa wurinsa ake kaiwa. Ni kuwa abin da nake tuna shi da shi, in na faɗa wa dattawa sai su dube ni da tausayi: gem.

Abin ya faro ne daga wata tsohuwar 'yar na'urar wasa ta hannu da kawunsa ya zo masa da ita daga kudu. Gilashinta bai fi akwatin ashana ba, launinsa kamar miyar kuka da aka cika wa ruwa. A ciki wani ɗan mutum ne ke ta tsalle daga tudu zuwa tudu, in ya kuskure ya faɗa rami a koma farko. Batir in ya mutu sai mu shanya shi a kan kwanon ɗakin Inna, mahaifiyarsa, ko rana za ta ɗan farfaɗo da shi. Da muka zama samari aka buɗe gidan gem a bayan kasuwa, muka koma wasan faɗa, irin wanda mutum biyu ke riƙe da hannun gem, kowa na ƙoƙarin hankaɗa ɗan'uwansa ya faɗo daga fage.

Habibu ya iya wasan, amma bakinsa bai taɓa yin shiru ba. Kullum ƙorafinsa fagagen duk na wasu ƙasashe ne, rufin dogayen benaye da duwatsun ƙanƙara, kuma an cika musu kwalliya. A ganinsa 'yar tsohuwar na'urar nan ta fi su hankali: tudu, rami, tsalle, shi ke nan. Ya ce da za a ba shi dama, sai ya ɗauko wannan fasali ya ɗora a kan tafkinmu, da launin miyar kukar da siririn kiɗan nan mai kama da kukan sauro.

Ba a takarda yake zanawa ba. In aiki ya yi sauƙi sai ya tsuguna a kan jiƙaƙƙen yashi da sukudireba. Ga fagen kwale-kwale da aka jera suna lilo, sai ka yi tsalle daga wannan zuwa wancan. Ga fagen kututturan bishiyoyin da ruwan dam ya shanye, masu leƙowa in ruwa ya janye, su ɓuya in ya cika. Ga jirgin ranar kasuwar Wara maƙare da buhunan albasa, wanda zai karkata in mayaƙan suka taru a gefe guda. Kafin la'asar igiyar ruwan da wani jirgi ya tayar ta share komai, washegari ya sake sabo.

Duk wannan na yaba. Inda muka raba gari shi ne dokar da ya kafa: a fagensa, in abokin karawarka ya faɗa ruwa, faɗa ya tsaya, sai ka miƙa masa sandar tuƙi ka tsamo shi. In ka bari ya nutse, ku duka an cinye ku. Na ce masa ya kashe wasan, ai jefa mutum waje shi ne cin nasara.

Ya ce, "Kai malamin makaranta na, ba ka san ruwa ba. Garin ga, ko wanda ya yanke maka taru ya tahi ruwa, tsamo shi kaka yi. In ya amaye ruwan, ku ci gaba da rigimarku."

Mun shekara da shekaru muna wannan gardama. Ya taɓa ɗaukar hoton zanen ya tura wa wani rukunin masoya gem a waya, da Turancinsa na bakin tasha. Suka yi masa dariya, wani ya ce ya tafi ya buɗe asibiti. Na ce ka gani ko? Ya ce waɗannan ba su taɓa jin jirgi ya daki kututture ba. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma mu saɓanin shi ne abincinmu.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, cikin damina, a kan gadon asibiti. Abin da har yau yake ci mini rai ke nan. Da a ruwa ne, rabin tashar nan da sun yi tsalle, har da ni da ban iya iyo sosai ba. Amma na zauna a gefensa hannuna biyu ba abin miƙawa.

Yanzu gidan gem ɗin ya zama shagon cajin waya. Samari kowa ya sunkuya a kan tasa, yana faɗa da wani da bai san ko a wace ƙasa yake ba. Nakan tambayi kaina me Habibu zai ce. Ina jin zai yaba kyan hoton, sannan ya tambaya wa za ka zungura da gwiwar hannu in ka ci shi. Ni an mayar da ni Shanga da koyarwa, inda ba wanda ya san shi. Kewa ce ke damuna, ba na ɓoyewa. Kuma na fara manta wasu fagagen, ga shi ba inda suke sai a kaina.

Da sallar bara ƙanwarsa Rabi, wadda ta karanci kwamfuta take aiki a Kaduna, ta zo ta same ni. Ta ce tana so ta gina fagen kwale-kwalen ya zama ƙaramin wasan waya kafin ya ɓace. Na zana mata a ƙasa yadda na iya. Da na zo kan dokar sai ta girgiza kai.

"Yaya Sani, wagga doka ba ta yi. Ba mai buga wasan da za a hana shi cin nasara."

Maganata ce sak, daga bakin jininsa. Sai na ji kaina ina ce mata ita 'yar birni ce yanzu, ba ta san ruwa ba. Na ce in za a cire dokar, gara a bar wa yashi abinsa. Muka rabu kowa fuska a ɗaure, na kuma ɗauka magana ta mutu.

Kwanan baya ta turo mini wasan. Launin miyar kuka, kiɗan sauro, kwale-kwale suna lilo. Ba ta cire komai ba.

Ban sani ba ko wani zai buga shi bayan ni da ita. Injinan da Habibu ya gyara sun tsufa an sayar da ƙarafansu, ba shi da ɗa, ba shi da gini. Abin da ya rage shi ne wannan taurin kan nasa, kuma na ga ya ishe shi gado. Allah Ya jiƙansa.

Wasan na mutum biyu ne, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. In na taso daga makaranta nakan buɗe shi a ƙarƙashin dalbejiya. Ɗan mutum na biyu yana tsaye a kan kwale-kwalensa, ba ya motsi, don ba mai riƙe da shi. Sai in ɗan ture shi ya faɗa ruwa, in miƙa masa sanda, in tsamo shi.