Sunayen da Kakata Ba Ta Faɗa

Shekaranjiya na bi ta bayan wata firamare a Dutsin-Ma, sai na ji yara suna rera sunayen jihohi da manyan biranensu da murya ɗaya. Na ɗan tsaya. Yanzu kusan haka darasin zaman jama'a ya koma, malami ya faɗa, aji ya maimaita. Mu ma mun yi hadda a zamaninmu, amma mun sami wani malami da bai yarda tarihi ya tsaya a kan allo ba. Dogo ne siriri, kullum hannun rigarsa fari fat da alli. Yakan ce wanda bai san yadda gidansu ya zo inda yake ba, da wuya ya san haƙƙin garin a kansa.

Wata Alhamis, lokacin girbin gero, ya ba mu aiki. Kowa ya tambayi wanda ya fi tsufa a gidansu: daga ina muka zo, wa ya kawo mu, wa ya haifi wa.

A gidanmu na Shema babu wanda ya kai kakata, mahaifiyar babana. Na same ta bayan la'asar a inuwar rumbu tana kaɗi, ƙamshin sabon gero ya cika tsakar gida.

"Angona ya zo da takarda," ta ce. "Sakina za ka yi?"

Da na yi mata bayani sai ta ajiye mazari ta gyara zama. Ta ce daga wajen Kurfi mutanenmu suka taso a wata shekara da ruwa ya ƙi, da jakai biyu da turmi. Ta faɗi inda suka kwana, da yadda suka haƙa rijiya sau biyu ba su tarar da ruwa ba, sai a karo na uku. Sai dai duk labarin babu suna ko ɗaya. Daga "mai gidan nan" sai "baban mai gidan nan" sai "tsohon da ya haƙa rijiya".

"Kaka, sunansa fa? Malam suna yake so."

"Kai, marar kunya! Ni in kama sunan surukina da bakina? Tahi Kurfi wurin ƙanwar kakanka. Ita jininsu ce, za ta jera maka su."

Ka san matan zamaninta ba sa faɗin sunan miji, ko na iyayensa, ko na ɗan fari. Ni ma na san haka. Amma da na dubi shafin da na rubuta labarin, sai na ga bai yi kama da tarihi ba. Tarihin littafi yana da sarakuna da shekaru, nawa kuwa jakai ne da turmi. Ranar Asabar babana zai je Kurfi, ya ce in zo mu tafi. Na ce ina da karatu. Na yage shafin, na kwafo labarin sarakunan Katsina daga littafi.

Ranar Litinin malam ya karanta, ya miƙo mini. "Wannan ai ina da shi. Na gidanku nake nema."

"Kakata ba ta san komai ba, Malam."

"Ta sani," ya ce. "Ka koma ka zauna da ita."

Ban koma ba. Bayan hutu aka yi masa canjin makaranta, babu wanda ya sake tambaya. Tsohuwar Kurfi ta rasu da daminar da ta biyo, kakata ta bi ta ba da daɗewa ba.

Daga baya aiki ya kai ni Yamai da Kumasi da Khartum. A can wani abokin aiki ya lissafa mini kakanninsa da yatsu har yatsun suka ƙare, sannan ya ce saura ni. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, amma ba ni da amsa a ko ɗaya. Da na dawo na tambayi babana, sunan mahaifinsa kaɗai ya riƙe, na sama kuwa "tsoho" ya ji ana ce masa.

Rijiyar tana nan a Shema, har yau ana sha. Sunan wanda ya haƙa ta kuwa, babu sauran mai rai da ya san shi.