Dutsen cikin bututu

Shekara ashirin da uku Baba ya yi a matatar ruwan ƙazanta ta garinmu, kuma abokin gabarsa ɗaya ne: wani farin dutse da ke tsirowa a cikin bututu har ya toshe shi. Da guduma da guntun ƙarfe yake fasa shi, ya loda a baro, ya kai rami. Abokan aiki Mai Guduma suke ce masa. Idan ya ƙwanƙwasa bututu ya kasa kunne, zai gaya maka kaurin dutsen, kuma ba ya kuskure. A gida kuwa sai Mama ta kira shi sau uku kafin ya ji.

Sai ga sabuwar injiniya da sabon inji. Ta ce dutsen nan sinadarin fosfaras ne, abincin shuka, kuma injin zai tsame shi daga ruwan tun kafin ya kama bututu. Kowa ya yi tafi ban da Baba. In babu dutse, me za a yi da mai fasa dutse? Saura shekara biyu ya yi ritaya, ƙannena uku suna makaranta.

Wata huɗu yana fita aiki da guduma yana dawowa da ita fes. Ya rage ci, ya daina tsokanar Mama. Wallahi tausayinsa ya hana ni sakat.

Ranar da aka kira shi ofis, sai da ya sa rigarsa ta fita kunya, wai ko korar ce a kore shi da mutunci.

«Baba, ku zauna mana,» in ji injiniyar. «Injin nan yana canza kuka kafin ya lalace, mu kuma ba ma ji. Kunnenku muke so.»

Da yamma ya dawo, ya ce, «Uwata, miƙo hannunki.» Ya zuba min wasu fararen ƙwayoyi, ba wari ba komai.

«Taki ne,» ya ce. «Dutsen nan ne injin ya tsamo daga ruwa.»

«To Baba, ai sai murna. An bar ku a aiki.»

Ya daɗe yana kallon tafin hannuna.

«Kin san abin da ya raba ni da gonar mahaifina? Ƙasa ce ta gaji, ba mu da abin ba ta. Na zo birni, na shekara ashirin da uku ina tura wannan takin cikin rami.»