Almustafa, Marinin da ya Rage

A Tawa kowa ya san Almustafa Marini, ko da ba ka san fuskarsa ba ka san hannunsa, baƙi wuluk har gwiwar hannu. Sunan ya samo asali daga kakansa, wanda ya taso daga Gobir da muciya a kafaɗa, ya haƙa ramukan rini tara a gefen gari. Allah ya yi wa tsohon albarkar haihuwa, zuri'a ta bazu. Kafin Nasara su miƙa mulki akwai gidan Marini a Kalfu, akwai biyu a Bambeye, har Takanamat za ka ji ana kiran sunan. Sai dai duk manoma ne da 'yan tireda. Mai tsoma hannu a baba saura Almustafa kaɗai.

Shekara hamsin ya yi a bakin rami. Da harshe yake gane ruwan baba ya nuna, abin da matarsa Zalika ta ce shi ya sa bai taɓa yabon miyarta ba. Da can Buzaye kan ɗaure raƙuma a ƙofarsa su jira ya rina musu turkuɗi. Da shunin gwangwani ya shigo kasuwa, kowace mace ta zama marinya a cikin tukunyarta. Ramuka tara suka koma biyu, sauran kuwa kwaɗi suka gaje su.

Talaucin bai dame shi kamar rashin magaji ba. Ɗansa ɗaya ne, Yunusu, direba kuma tafinta wajen Turawan da ke haƙa rijiyoyi a Adar. Tsoho ya sa rai wata rana zai gaji da mota ya dawo, domin an ce kyan ɗa ya gaji ubansa.

A ranin 1966 Yunusu ya zo da maigidansa, wani Bajamushe dogo mai suna Farba. Da murnarsa ya shaida wa uban cewa sunan nan a harshensu marini yake nufi, kuma masu amsa shi a Jamus dubbai ne. Zuciyar Almustafa ta yi fari. Ya shimfiɗa tabarma, ya sa aka dama fura, ashe ɗan'uwan sana'a ne ya zo daga bayan teku. Ya tambayi baƙon ramuka nawa ne a gidansu. Yunusu ya fassara maganar, Bature ya yi dariya ya girgiza kai. Babu ko ɗaya. Ubansa malamin makaranta ne, kakansa ma'aikacin jirgin ƙasa. Shi kansa yau ne ya fara ganin ramin rini, kuma warin ya dame shi.

Almustafa ya kama hannun baƙon ya juya shi, ya duba har ƙarƙashin farce, bai ga ko ɗigon baba ba.

"Ka gani, Baba," in ji Yunusu, "suna ba ya mutuwa."

"Na gani, ɗana. Na ga yadda jikana zai zama."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya gwada sau ɗaya na ƙarshe. Da za su tashi ya miƙa wa Yunusu muciya, ya ce ya motsa masa ramin ko sau uku, kafaɗarsa na ciwo. Yunusu ya dubi farar rigarsa ta aiki, ya dubi ramin, ya ce zai turo wani daga kasuwa ya motsa. Ya shiga mota ya tayar.