Ranar da Na Yi wa Baba Sai Gobe Tafinta

Duk abin da zan manta a zamana na Abuja, ban da walimar auren ƙanena. Har yau in na ji kalangu sai kunya ta rufe ni, dariya ta biyo baya.

Lokacin ne aka kwaso ma'aikatu daga Legas aka juye mu a Abuja, gari duk jar ƙasa da ginin da ba a gama ba. Ni mai buga tafireta ce, ƙanena kuma akawu a ma'aikatarmu. Gida shi ne ciwon kan kowa. Ƙanena yana raɓe a ɗakin gwauraye a Kubwa, ga shi an sa ranar aurensa da wata 'yar Tungan Maje, mahaifinta kuwa ya kafe: a ɗaura aure, a yi biki, amma 'yarsa ba za ta tare ba sai ya ga ƙofar da za ta shiga.

Rabon gidaje a hannun oganmu yake, wani dattijo Bayarabe mai tumbi, wanda ko me ka kai masa sai ya ce ka dawo gobe. Mu Hausawan ofis muka laƙaba masa Baba Sai Gobe. A gabansa ma muke faɗa, tunda daga Turanci sai Yarbanci muka taɓa ji a bakinsa.

Ƙanena so ya yi a ɗauko mai kaset da lasifika a huta. Ni kuwa, uwar dabara, na ce a'a, mawaƙi za a samo ya wasa Oga har kansa ya kumbura ya sa hannu. Na tafi Zuba na samo mai kalangun mahauta da 'yan amshinsa, mutum siriri mai murya kamar ana yaga sabon yadi. Na ce masa, "Babban mutum zai zo, ka yi masa aiki." Ya ce, "Hajiya, ki bar ni da shi." Abin da ban gaya masa ba shi ne, mutanen Legas ango da amarya suke yi wa liƙi, ba makaɗi ba.

Da la'asar aka cika a ƙarƙashin rumfa. Oga ya iso cikin babbar riga, hularsa ta karkace gefe, ni kuma na manne kusa da shi a matsayin tafinta. Mai kalangu ya fara: giwa, bango, uban marayu. Oga ya miƙe da rawa, ya zaro sababbin kuɗi, ya wuce mawaƙin kamar bai gan shi ba, ya shiga manna wa ango a goshi. Mawaƙi ya ƙara matsowa, ya ƙara zuba kirari. Oga ya koma kan amarya. Sai na ga mutumin ya gyara kalangu a hammata, kiɗa ya canja.

"Ga tumbi ya riga mai shi isowa biki! Hula ta gaji da rowarsa ta kwanta gefe!" 'Yan amshi suka ɗauka. Tsofaffin dangin amarya suka shiga toshe baki da gyale. Ƙanena ya kalle ni ido jawur, ya ce a hankali, "Yaya, kin kashe ni."

Oga ya juyo ya tambaye ni da Turanci me ake cewa. Allah Ya yafe mini, ko ƙiftawa ban yi ba na ce, "Oga, cewa yake arzikinka gaba yake yi kullum, hularka ma girmama ka take." Ya ce madalla, ya ƙara karkata hular, ya ci gaba da juyi. Mawaƙi ya ce hannun Oga an ɗinke shi da aljihu tun ran suna. Na ce wai kai mai riƙon amana ne. Haka muka yi ta yi, shi yana zagi ina wankewa, gumi har cikin takalmina.

Da Oga ya gaji, sai ya taka har gaban mawaƙin, ya juye masa duk abin da ya rage a aljihu. Sannan ya buɗe baki da Hausa tsantsa, irin ta Zariya: "Kai, Allah Ya yi maka albarka! A kwatas ɗin reluwe na Zariya aka haife ni, na san in na ba ka da wuri yabo kawai zan samu. Yabo kuwa tun da aka ba ni rabon gidaje nake shan sa har ya gundure ni. Zambon nake marmari."

Na nemi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Ba ƙaryar ranar kaɗai nake tunawa ba, har da duk gulmar da muka yi a kansa yana zaune yana shan shayi. Na ce shi ke nan, gida ya tafi, aikina ma ya bi shi.

Ya juyo gare ni yana share hawayen dariya. "'Yata, fassararki ta fi waƙar daɗi. Ki gaya wa ƙanenki Baba Sai Gobe ya ce ya zo ran Litinin ya karɓi makulli."

Ran Litinin kuwa aka ba ƙanena ɗaki biyu a Kubwa, amarya ta tare a satin. Ni kuma na yi wata guda ina shiga ofishin Oga kaina a ƙasa, shi ko kullum sai ya tambaye ni ko tumbinsa ya riga shi isowa.

Tun daga ranar na koyi abu biyu. In za ka ɗauko mawaƙi, ka gaya masa su wa za su zo da yadda suke kyauta, kafin ya saɓa ganga. Kuma kada ka kuskura ka yi wa mutum tafinta, balle gulma, sai ka fara gaishe shi da Hausa ka ji yadda zai amsa.