Baba Yafet, Mai Mayar wa Ƙaho Ƙyallinsa

Da hantsi, in rana ta shanye raɓa, Baba Yafet yakan jera ƙahonin badujalar ikilisiyarsu a kan tabarma a bayan gidansa da ke Kafanchan. Sai ya kwance kowanne gaɓa-gaɓa, ya jiƙa shi a ruwan zafi har tsohon man jikinsa ya saɓule, ya goge tagullar da tsumma mai laushi. Ba mai taɓawa, don shatin yatsa kaɗai ya isa ya ɓata aikin. Daga nan ya shige ɗaki, ya rufe ƙofa da taga, ya fesa musu man ƙyallin nan marar launi da ke hana tagulla dushewa. Warinsa kuwa, ko akuya ba ta tsayawa kusa.

"Baban Tagwai, buɗe windo nan mana!" matarsa Milka takan ce daga waje. "Wannan abu zai cinye maka ƙirji."

"In na buɗe, ƙura zai manne a jiki. Bari ya bushe tukuna."

Akwai shekarar da matan zumunta, da kyakkyawar niyyarsu, suka dirje ƙahonin da toka da soson ƙarfe kamar tukwanen miya. Damina na sauka duk suka yi kore. Lawal mai fentin mota, wanda ke sam masa man, shaida ne kan abin da Baba ya yi. Ya rufe ƙofarsa ya sake aikin daga farko.

Maganar Milka kuwa ta tabbata. Mutumin da in ya busa ƙaho a gindin dutsen Kagoro har 'yan kasuwa sai sun waiwaya, yau matakalar coci ma sai ya tsaya ya huta.

Bara Milka ta rasu. A ikilisiyar nan, kowa ya mutu badujala ke raka shi kabari. To ranar jana'izarta ina 'yan badujalar? Suna can wajen tarbar wani ɗan siyasa, ƙahoni sai walƙiya suke yi a rana. Ko kunya! Baba Yafet ya ɗauko tsohon ƙahonsa, ya tsaya a bakin kabari zai busa mata waƙar da take so. Iska ce kawai ta fito, sai tari. Lawal ne ya riƙe shi kada ya faɗi.

Ciyawa ba ta tsiro a kabarin ba 'yan badujalar suka dawo masa da ƙahonin, wai gumin hannu ya cinye man. Ya karɓa. Wallahi wannan karɓar ta fi komai ƙona rai.

Baba, kai ne ka zuba numfashinka a jikin tagulla don wasu su yi ƙyalli a bainar jama'a. Kai ne aka manta a duk ranar godiya, ana ta tafa wa masu manyan riguna. Yanzu da likita ya raba ka da ɗakin nan, mun gode, Allah ya saka. Matasa, ku koyi aikin a hannunsa, amma ku rufe hanci, ku nemi inda iska ke shiga.

Ku kuma 'yan badujala, kun san gidan, tunda ba ku taɓa ɓata hanya ba in ƙaho ya dushe. Kada ku jira ranar da za a ɗauki Baba a kafaɗa. Ku je ƙofarsa ku busa masa waƙar Milka, ya ji da kunnensa.