Katin Inna da Tankin Ciyaman

A shekarar da kuɗin mai ya haukace, sunan mahaifiyata ya fito cikin tsofaffin da gwamnati za ta riƙa ba tallafi. Inna muke kiranta. Tana zaune a unguwar Rikkos cikin Jos ita kaɗai, a ɗakin da babanmu ya mutu ya bar mata, ni kuwa ina aure a unguwar Congo-Russia, ina koyarwa a wata firamare ta kuɗi mai albashin da ba a faɗa a gaban mutane. Inna tana da hawan jini. Ƙwayar da take sha kullum da safe ta yi tsada tare da komai, har ta koma sha yau ta tsallake gobe. Don haka da na ji labarin tallafin nan, hamdala na yi, na ce ko ba komai maganinta ya samu.

Wanda ya shigar da sunanta wani ɗan unguwar ne da kowa ke kira Ciyaman. Har yau ban gamu da wanda ya san ciyaman ɗin mene ne ba. Ba ya kasuwa, ba ya ofis, amma kullum shaddarsa a tsaye take, kuma yana da wata tsohuwar mota ruwan toka. Katin bankin da aka ba kowace tsohuwa a wurinsa yake. Wai tsofaffi suna yar da abu, suna manta lambar sirri, ga 'yan damfara sun cika gari. In kuɗi ya shigo, shi zai ɗebe su bibbiyu a motarsa, ya kai su a cira, ya dawo da su har ƙofar gida. Inna ba ta gajiya da sa masa albarka.

Aka biya sau ɗaya, aka sake biya, amma ina zuwa sai in tarar har yanzu tana tsallake magani. In na tambaye ta nawa ya shigo hannunta, sai ta ce abin da Allah ya hore. Ni kuwa na tsani wannan amsar, domin Allah bai taɓa riƙe katin kowa ba.

Wata Asabar da hantsi ina gidan sai ga hon a waje. Inna ta riga ta yi wanka, ta ɗauko mayafinta na Sallah, har da ɗan turare. Na ce ai ni ma kasuwa zan je, a rage mini hanya. Ciyaman bai so ba, na gani a fuskarsa, amma ya washe baki ya ce Malama ai mota taki ce. A baya na tarar da maƙwabciyar Inna, wata dattijuwa Kirista da muke kira Mama mai gwate, saboda irin faten nan take dafawa tana sayarwa a bakin layi tun ina yarinya. Ita ma ta ci ado da zanin zumuntar matan cocinsu. Muka matsu mu uku a baya. Kujerar gaba hularsa ce a kai.

Ba banki muka nufa ba, gidan mai ya shiga. Layi har bakin titi, masu keke suna ta gumi suna zagin juna, shi kuwa ya bi ta ƙofar fita ya tsaya daidai famfo. Yaran gidan man suka hau kirari, Oga Ciyaman, Oga Ciyaman. Ya ce a cika tanki. Da tanki ya cika ya buɗe but, sai ga jarkoki biyu, su ma aka ɗura musu. Na zaci daga aljihunsa zai biya, har ina cewa a raina lallai mutumin nan yana ƙoƙari.

Sai ya zaro katuna a ɗaure da roba kamar mai shirin karta. Ya lashi yatsa ya zaɓi biyu, ya miƙa wa mai riƙe da POS. Mutumin ya duba sunayen, ya ce manaja ya hana su karɓar katin da mai shi ba ya wurin. Ciyaman ya yi dariya, ya ƙwanƙwasa gilashin baya da mukulli.

"Ga masu katin nan. Inna, Mama, ku ɗaga hannu ya gan ku."

Suka ɗaga. Wallahi suka ɗaga, kamar 'yan ajina idan ina kiran suna. Inna har da ɗan murmushi. A nan na gane ba don ya hutar da ƙafarsu yake ɗaukarsu ba. Wankan, mayafin Sallar, turaren, duk don a nuna su ta taga ne a zare musu kuɗi. 

Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Na tarar an riga an cire na Inna, mai POS yana miƙo katin, na fizge shi kafin ya isa hannun Ciyaman. Na tambaye shi kuɗin maganin uwata ne ya zama man motarsa. Ya ce mota ba ruwa take sha ba, kuma ban san zirga-zirgar da ya yi kafin sunayen nan su fito ba. Na ce to jarkokin fa, su ma zirga-zirga suke yi, ko janareton gidansa ne aka rubuta a cikin marasa galihu? Daga nan kuma bakina ya ƙwace. Na kira shi mara kunya, na kira shi macuci mai cin haƙƙin zawarawa, na ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Masu keke suka bar layi suka kewaye mu, wasu na cewa ƙara masa, Anti. Mama mai gwate ta leƙo tana roƙona da irin Hausarta, yarinya na ka bari, don Allah ka bari.

Shi ko gezau. Bai ɗaga murya ba, bai daina murmushi ba. Ya sunkuya ta taga ya ce, "Inna, kin dai ji abin da 'yarki ta faɗa."

Na fito da ita daga motar, na tsare keke. Mama mai gwate ba ta biyo mu ba. A hanya na tsaya, na karɓi lambar sirri a wurin Inna, na cire abin da ya rage a katin, bai kai rabin tallafin ba, na shiga kyamis na sayi maganin da zai kai ta wata. Na kai Inna gida. Ni kuwa na koma Congo-Russia da katin a jakata, ina jin kaina kamar na ci yaƙi. Na ba maigidana labari, ya saurara, ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Babu wanda ya zo ya yi wa Inna barazana. Ciyaman dai ya daina tsayawa gaishe ta. Sai magana ta fara yawo a layi cewa za a sake tantance sunaye, kuma layin da aka samu masu tayar da fitina za a iya soke shi gaba ɗaya. Tsofaffin da katunansu ke cikin robar nan suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da nata ƙorafin, wai 'yar boko za ta ja musu asara, ai rabin da suke samu ya fi babu. Wata ta ce shi yaron me ya ci, ɗan mai ne kawai. Ɗan mai! Mama mai gwate, wadda ta saba aiko wa Inna kwano duk yamma, ta daina.

Inna ta kira ni a waya ta ce in zo, in taho da katin. Na zo da hujjojina a shirye. Na ce maganin ni zan riƙa saya, ko zan yi tafiyar ƙafa zuwa makaranta. Na ce in ya isa ya soke sunan mu gani. Ta bar ni na gama tsaf.

"Ke 'yar nan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba maganin ne ya dame ni ba. Kina can da mijinki, ni nan nake kwana. Ranar da gari ya rikice aka tare hanya, ke za ki zo ki goya ni? Layin nan kaf mota ɗaya ce."

 A Jos aka haife ni, na san yadda gari ke juyewa tsakanin azahar da la'asar, na kuma san gwiwoyin Inna ba sa gudu.

Ta ce in raka ta, don ba ta iya tafiyar ita kaɗai. Bayan la'asar muka same shi a ƙofar gidansa a kan benci, shi da abokansa, sun baje balangu a takarda. Inna ta cire takalmi ta durƙusa a ƙasa, ina jin gwiwarta tana ƙara. Matar da ta ci tuwon sunansa. Ta ce ni yarinya ce, ya yi haƙuri, ta miƙa katin da hannu biyu. Ya bar ta a durƙushe sai da ya haɗiye lomar bakinsa, sannan ya ce haba Inna, tashi mana, amma ko motsawa bai yi daga bencin ba. Ya karɓi katin da hagu. Yana magana a kan yadda mutane ba su san alheri ba, sai ya kai gefen katin bakinsa yana sakace naman da ya maƙale masa a haƙori. Ya duba abin da ya fito, ya goge a gwiwar wandonsa.

"Malama dai ba ta ce komai ba," in ji shi.

Inna ta mintsine ni a ƙafa. Na kalli ƙasa na ce ya yi haƙuri. Ya ce ya wuce, ya jefa katin a aljihu, ya ɗauki wata tsoka.

Na ɗaga ta da ƙyar, na sa mata takalmi. Muna tafe tana dafe da kafaɗata. Da muka sha kwana inda ba sa ganinmu, ta sake ni, ta juya wajen kwata ta tofar da yawu, ta sake tofarwa, ta goge baki da gefen mayafi. Sannan ta ce in yi sauri in nemi keke, kada magariba ta riske ni a hanya.