Waƙar Zuciya da Kika Bar Mana, Maman Nelson

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, ina cikin shago ina auna wa wata yadi, aka kira ni aka ce Malama Caroline Kambai ta faɗi a wurin koyon waƙa na coci, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Almakashi na hannuna, na kasa ajiyewa. Matar da nake auna wa ce ta karɓe shi ta zaunar da ni.

Caroline, Maman Nelson, ni ce Ugomma, ƙawarki ta zumuntar mata, wadda kike tsokana cewa a Kafanchan aka haife ni amma har yau miyar karkashi tana ba ni tsoro. Ban iya rubutu irin naku na malamai ba, sai dai abin da ke cikina ya yi mini nauyi.

Duk wanda ɗansa ya bi ta ajinki ya san yadda kike koyarwa. Littattafai ba su isa yara ba, sai kika ɗauki baiwar da Ubangiji ya ba ki ta shugabar mawaƙa kika kai aji. Ƙasusuwan jiki waƙa, tafiyar abinci a ciki waƙa. Yaran da ke zuwa daga gonakin Kagoma a bayan babur, a gajiye, su ma sukan haddace. 'Yata Kosiso tana wanke-wanke tana rera sassan ƙoda, har babanta Azubuike ya taɓa tambaya ko sabuwar waƙar Ista ce.

Ban manta ranar da mu iyaye muka taru a makaranta kafin jarrabawar ƙarshe ba. Wasu suka ce a shirya da masu gadin jarrabawa, a rubuta wa yara amsa a allo, tunda ko'ina haka ake yi. Kika miƙe a hankali kika ce, "Yarana sun karanta. Wanda ke son allo ya kai ɗansa inda ake yi, amma ba a ɗakina ba." Wasu suka kwashe 'ya'yansu suka kai santocin jarrabawa da kowa ya san ana sayar da amsa a cikinsu. Mu muka bar namu a hannunki, muna alfahari.

Sakamako ya fito, na waɗancan ya fito fes, yau suna jami'a. Na ajinki aka riƙe. Hukumar jarrabawa ta ce yaranki sun kwafi juna, don a tambayar zuciya duk sun rubuta amsa iri ɗaya, kalma bi kalma, kuma duk sun yi kuskure ɗaya: sun sa dama a wurin hagu. A wurinsu, babu yadda yara da yawa za su yi kuskure ɗaya sai da satar amsa.

Ke kaɗai kika gane nan take. Baitin zuciya bana kika tsara shi, kina tsaye kina fuskantar yara kina nuna musu a ƙirjinki, hagunki damansu. Haka ya shiga waƙar, haka suka haddace, don ba su taɓa shakkar ki ba. Da yamma kika zo gidana, kika ƙi zama a kujera. Kika ce, "Maman Kosi, laifina ne. Zan je Kaduna in tsaya gaban kwamiti in rera musu da bakina. Su kore ni daga aiki in sun so, amma su saki yaran." Aka sa miki rana. Ba ki kai ranar ba.

Ga inda kika bar mu. Jami'a ta ba Kosiso gurbin karatun likita, amma sun ce in wata ya ƙare sakamako bai fito ba, za su ba wani. Kyautar ɗalibar da ta fi kowa, wadda makaranta ta riga ta sanar a taro cewa ta Kosiso ce, an ce a dakata. Yarinyar da ba ta taɓa leƙa takardar wani ba yanzu ba ta son zuwa kasuwa, don an fara kiransu 'yan kwafi. Babanta ya gaji, ya ce baɗi zai kai ta wata santa a wajen Jere a yi a wuce wurin. Ta ce masa, "Daddy, in na je can, abin da suka faɗa a kanmu ya zama gaskiya ke nan." Gaba ba hanya, baya ba hanya, kuma ba na iya jin haushinki, Allah ya sani na gwada.

Ranar jana'izarki a Kagoma, bayan fasto ya gama wa'azi, yaranki suka taso da kayan makaranta suka kewaye akwatin. Ba wanda ya shirya su. Suka fara waƙar zuciya, ni kuma na ɗaga waya ina ɗauka don in riƙa jin ki a bakinsu. Da suka iso baitin nan, duk suka tsaya. Sun riga sun san daidai yanzu, amma ba wanda ya iya gyara ki a gaban gawarki. Sai Kosiso ta ci gaba ita kaɗai, yadda kika koya mata, dama a wurin hagu. Sauran suka bi ta, suna kuka.

Wannan bidiyon yana cikin wayata. Shi ne kawai shaidar da ta rage. In na kai shi, zan tsaya gaban baƙin da ba su san ki ba in nuna musu cewa matar da ta ƙi satar amsa ta koyar da kuskure, ita kuma ba ta nan balle ta kare kanta. In na bar shi, 'yata ta rasa gurbinta. Na kasa ci, na kasa yanke shawara, sai na tafi wurin mijinki, Baba Gregory, na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya share ido, ya ce, "Ki kai. Da tana nan, da ƙarfi za ta rera, kin san ta."

Gobe zan shiga motar Kaduna. Ban sani ba ko za su bar ni in shiga, ko za su saurari waƙar yara a bakin kabari. Ki yafe mini, ƙawata. Ban taɓa zaton abu na ƙarshe da zan yi miki shi ne in ɗauki kuskurenki in kai gaban hukuma ba.

Baba Gregory, Nelson da ƙannensa, 'yan mawaƙa da zumuntar mata, Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya riƙe gidan nan da hannunsa. Yesu da kika yi wa waƙa duk rayuwarki ya karɓe ki cikin hutunsa, ya yi miki jinƙai. Yaran da kika bari a tsare kuwa, Ubangiji ya buɗe musu ƙofa. Ki huta, Maman Nelson. Abin da kika yi niyyar faɗa a Kaduna, yaranki ne za su rera miki shi daga wayata.